Inna a Bayan Kujerata

Hoton Inna guda ɗaya ne a duniya da fuskarta ta fita sosai, shi ma bisa kuskure aka same shi. Na taɓa rataye shi a salo, ɗakin baƙi, amma tambayoyin baƙi suka ishe ni, na sauke shi na sa a aljihun tebur. Duk wanda ya gan shi sai ya faɗa mini ma'anarsa, kamar shi ya ɗauka. To, ni ma bari in faɗi nawa sau ɗaya in huta.

Ni ce ƴar fari a ɗakinmu, kuma tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakin Inna ba. Mu uku ne muka rayu: ni, da ƙanena, da autarmu mace. Su biyun tana kiransu da suna, ta zage su da suna, ta lallashe su da suna. Ni kuwa "waccan" ce. Idan tuwo ya sauka sai ta ce wa ƙanena, "Ce ma waccan ta zo ta ɗauki nata." Ina zaune a gabanta fa, tsakanina da ita bai fi taku uku ba.

Na san al'ada ce, ba sai an koya mini ba. Uwa tana kunyar ɗanta na fari: ba ta kama sunansa, ba ta haɗa ido da shi, ba ta nuna ta damu da shi a gaban mutane. Iyayenmu mutanen Maraɗi ne, fataucin atamfa ya kawo Baba Yamai, ya yi gida a unguwar Gamkalley kusa da garake, wato lambuna. A can gida, ɗan fari kakarsa ce ke ɗauke shi, ta goya shi, ta shagwaɓa shi, har ya manta akwai wata mai kawar masa da kai. Ni kakannina suna nesa, tafiyar yini guda a mota. Sai na samu kunyar, ban samu kakar ba.

Kuma Inna ta kai abin inda sauran mata ba sa kai shi. Wasu in ɗan ya girma sai su sassauta, su ƙirƙiro masa wani laƙabi, su riƙa satar hira da shi. Ita kam ko kusa. Ranar da na ci jarrabawar zama malamar lakwal, wato makarantar boko, gida ya cika da guɗa, ita tana bakin murhu tana gyara itace kamar ba a gidan ake yi ba. Gwaggo, ƙanwar Baba, ta rungume ni tana cewa, "Kada ki damu ɗiyata, kunya ce." Na ce mata kunyar da ba ta hutun salla ba kunya ba ce, ƙiyayya ce. Gwaggo ta toshe mini baki da hannunta.

Ni dama bakina ba shi da linzami, kowa ya shaide ni. Da na haifi tawa ƴar farin, na ɗauki alwashin sai na rama. Na je wankan jego Gamkalley, ina zaune a tsakar gida in ɗaga jaririyar sama in kira sunanta da ƙarfi, in sumbace ta, in sake kira, ina satar kallon Inna. Tsofaffi suna salati suna cewa boko ta lalata ni.  Inna kuwa tashi take yi ta shiga ɗaki, sai can in ga auta ta fito da kunun kanwa mai zafi ta ajiye a gabana.

Hoto kuwa Inna ba ta yarda da shi ba sam. Ƙanena ma'aikacin gwamnati ne, amma ransa yana kan hoto. Tun yana saurayi ya sayi aparai, wato kyamara, irin mai cin pelikil, fim ɗin nan da ake kaiwa wanki, yana yawo da shi a wuya duk inda ake taro. Da ya ɗaga shi Inna za ta ja mayafi ta rufe fuska, ta ce, "Kai, tahi can da shirmenka." Duk hotunan bikinmu da sunayen ƴaƴanmu, in ka duba gefe za ka ga wata mace lulluɓe kamar buhun gero da aka jingine. Hoton katinta na ɗan ƙasa, wanda aka tilasta mata, ruwa ya cinye shi shekarar da kogi ya shigo mana gida.

Ciwon ajalinta ya fara watanni kaɗan bayan wata babbar salla. Baba ya riga ya rasu a lokacin. Ni ina koyarwa a hayin kogi, muna haya a Kirkissoye, kuma gada ɗaya ce tak a garin a wancan zamani. Kullum in na tashi daga lakwal sai in dama kunu ko in yi romo, in shiga taksi in ƙetare. Daga zaure nakan jiyo muryarta tana hira da auta, wani lokaci har da ƴar dariya. Ina ɗaga labule sai ta juya fuska bango. In gaishe ta, ta amsa wa bango. Abin da na kawo kuwa sai auta ta zuba ta ba ta, daga hannuna ba za ta karɓa ba.

Wata Talata na zo a gajiye, rana ta dafa ni, taksi ya ajiye ni nesa na tako da ƙafa. Na ɗaga labule, ta juya. Sai zuciya ta ɗebe ni.

Na ce, "Inna, shekarata arba'in da biyu. Na haifi ɗiya har ta isa aure. Ki dube ni sau ɗaya mana."

Ba ta motsa ba.

Na ce, "To ki kira sunana. A kunnenki aka raɗa shi. Daga ni sai ke sai auta a ɗakin nan, wa za ki ji wa kunya?"

Auta ta ce, "Yaya, don Allah."

Hannun Inna kawai nake gani, yana murza gefen zanen da aka rufe ta da shi. Na jira. Wallahi na jira, na ƙirga numfashinta har na gaji. Sannan na ce, "Shi ke nan. Tunda ganina ne ba ki so, na hutar da ke." Na ɗauki jakata na fita, ko kwanona ban tsaya ɗauka ba.

Kwana tara ban ƙetare gada ba. Ina aika abinci, amma ni ban je ba. Ƙanena ya zo sau biyu yana ba ni baki, na ce masa in tana son ganina ta aiko da sunana. A safiya ta goma ina ɗaura kallabi zan tafi lakwal, na hango shi ta taga ya kashe moto, babur ɗinsa, tun daga nesa yana turo shi da hannu. Ban bari ya yi magana ba, na gane.

Da na isa an riga an lulluɓe ta. Gwaggo ta ce in buɗe fuskar in yi mata addu'a. Na buɗe. Karon farko ke nan da na tsaya na ƙare wa fuskar uwata kallo ba ta juya ba, kuma idanunta a rufe suke.

Ban yi kukan da aka zaci zan yi ba. Na samo wa kaina wata magana na riƙe: ba ta so na, don haka kwana taran nan ba su dame ta ba, ƙila ma hutu ta samu. Da wannan maganar na yi shekara ashirin da ɗoriya ina cin abinci ina barci. Magana ce mai ɗaci, amma ita ta tsare ni, kuma ban bar kowa ya taɓa mini ita ba. In auta ta ɗauko zancen Inna sai in tashi in duba tukunya.

Bara waccan ƙanena ya rasu, Allah ya jiƙansa. Bayan matarsa ta fita takaba ta kawo mini wani kwali cike da hotuna, ta ce ni ce babba, ni ya kamata in raba. Na yi kwanaki ina ware su gida-gida. A can ƙasa na tarar da wata ambulan, ya rubuta a bayanta da bik, wato biro, da Faransanci, cewa wannan ya lalace. Ba hoto ko ɗaya a ciki, sai kilishe kawai, wato baƙin falle mai ramuka a gefe da ake fitar da hoto daga jikinsa. Na ɗaga wa rana ban gane komai ba, mutane a kan mutane, gini a kan gini. A da, in ka kai pelikil wanki, waɗanda suka fita da kyau kaɗai ake buga maka. Wannan ko ɗaya ba a buga ba, amma bai yar ba. Ƙanena ko igiyar takalmi ba ya yarwa.

Gwaggo tana gidana a lokacin, ta tsufa tukuf, kunne ya yi nauyi. Ta ji ina cewa na samu kilishe a kayan marigayi, ta ce, "Kilishi? Tun yaushe? Kada ki ba yara, ya lalace." Ita ce dariyar farko da aka yi a gidan tun rasuwar.

Na zaga studiyo uku, yaran da ke wurin suna juya abin a hannu kamar na kawo musu laya. A na ukun aka kwatanta mini wani tsoho a bayan kasuwar Wadata, cikin layin teloli. Na same shi a wani ɗan shago mai zurfi, ƙarar kekunan ɗinki ta ko'ina, masu tura kura suna ihu a ba su hanya. Bazabarme ne haifaffen Yamai, Hausarsa ta kasuwa ce, mace da namiji duk ɗaya ne a bakinsa. Ya karɓi kilishen da gefe-gefe, da yatsa biyu, ya hura ƙurar da ke kai. Ya ce yawancinsu shirme ne, amma zai zaɓi wanda ya fi fita ya buga mini. In dawo jibi.

Da na dawo ya ba ni kujera tukuna, abin da bai yi ba ranar farko. Ya miƙo mini hoto ɗaya a kife. Na juya.

Ni ce a ciki, zaune a kujerar roba a barandar gidan da muka gina a Kirkissoye. Na gane ranar nan take, ranar da muka tare ce, ga ƙofa ko fenti ba a yi mata ba. Na haɗe rai kamar yadda na saba in an ce in yi murmushi. A bayan kujerata, sama da kafaɗata ta dama, ga Inna. Daga kai zuwa ƙugu take, sauran jikin ya narke cikin wani farin hayaƙi, kuma ana ganin layin bulon bangona ta cikin ƙirjinta. Mayafinta ya zame zuwa kafaɗa. Ta karkata kai, idanunta a buɗe, sun sauka daidai a kaina. Bakinta ya ɗan buɗe kamar mai shirin kiran wani.

Mun tare a gidan nan shekara guda da rabi bayan an binne ta.

Tsohon ya ce, "Madam, wannan mace, ka san shi?"

Na ce uwata ce. Ya ce Allah ya jiƙan rai. Ya so ya ƙara magana, ni kuwa na riga na miƙe. Ban san yadda na fito daga layin telolin nan ba, sai dai na tsinci kaina a bakin titi wani mai moto yana zagina.

Kuskuren da na yi shi ne nuna wa ɗiyata. Kafin la'asar ta ɗauke shi da waya ta tura wa dangi har Maraɗi. Daga nan kowa ya zama malami. Gwaggo ta kai shi dab da idonta, ta daɗe, ta ce, "Ta zo ganin gidan ɗiyarta ne. Mi ne abin mamaki? Da ranta kunya ta hana ta, yanzu wa za ta ji ma kunya?" Wata maƙwabciyata ta ce ba Inna ba ce, mutanen ruwa ne suka ari kamanninta, tunda gidan kusa da kogi yake, in ƙona shi in yi hayaƙi. Wani ɗan'uwanmu ya kira daga Maraɗi ya ce farin da ya kewaye ta alamar kyakkyawan ƙarshe ne. Wata kuma, da ba a tambaye ta ba, ta ce mamaci ba ya tsayawa a kan mutum haka sai in akwai magana tsakaninsu, in yi sadaka in nemi gafara. Ita na kora da tsawa har bakin ƙofa, don ita ce ta taɓa wurin da ke ciwo.

Shekara talatin ina koya wa yara cewa kowane abu yana da dalili. A gaban mutane na yi ta maza, ina cewa zancen banza ne. Amma in na shiga ɗaki na rufe ƙofa sai in fito da hoton in zauna da shi. Ban taɓa ganin wannan fuskar ba. Na san Inna da fuskar aiki, da fuskar faɗa, da ƙeyarta, wadda na fi sani fiye da komai nata. Wannan kuwa fuskar mace ce da ke kallon abin da take so, ba ta san ana ganinta ba. Wata rana in ga yafiya a ciki, washegari in ga tambaya. Na rame cikin mako biyu, abinci ya daina shiga.

Na koma Wadata na ce wa tsohon, "Baba, ni ba yarinya ba ce. Faɗa mini abin da ke cikin hoton nan."

Ya ce, "Ranar nan na so in faɗa, ka gudu."

Ya ɗauko kilishen ya fito da ni bakin ƙofa inda haske yake, ya ba ni wani gilashi mai ƙara girma. Ya nuna mini wani siririn layi da ya ratsa ta gefen hoton, ta kan gwiwata, inda bai kamata a ga layi ba. Ya ce wannan iyakar wani hoton ne daban. In an gama ɗaukar pelikil ana naɗe shi ya koma cikin gwangwaninsa. In mai shi bai naɗe har ƙarshe ba, ɗan harshen ya rage a waje, sai ya yi kama da sabo. Ya jefa a aljihun tebur, bayan shekara ɗaya ko biyu ya ɗauko ya sake sakawa a aparai. Kowane gurbi sai ya ɗauki rana biyu, ɗaya a kan ɗaya.

Ya ce, "Duba nan, a jikin bangonka. Mene ne wannan?"

Na duba. Abin da na ɗauka tabon siminti ne, ashe ƙafar rago ce a miƙe jikin sanda. Sai na ga sauran: raguna a banƙare an jera su kewaye da wuta, yadda muke yi ranar layya. Farin hasken da ɗan'uwanmu na Maraɗi ya ce alamar aljanna ce, hayaƙin gashin nama ne. Babbar sallar ƙarshe ce ta Inna, a gidanmu na Gamkalley. Ƙanena ya faki idonta ya ɗauke ta, sannan ya manta, ya ɗora tarewata a kai.

Tsohon ya ce, "Ba fatalwa ba ne, Madam. Ɗan'uwanka ya yi kuskure, shi ke nan."

Na yi tsammanin zan ji sanyi, kuma na ji, na ɗan lokaci. Maganata ta shekara ashirin ta dawo wurinta. Har na yi dariya na ce, "Wato ba ni take kallo ba. Dama na sani. Rago take kallo."

Ya karɓi gilashin ya sake dubawa. Ya ce, "Wannan ban sani ba. Amma ni shekara hamsin ina ɗaukar mutane, ban ga wanda ya kalli rago haka ba." Ya ce mai ɗaukar hoto in ya samu abin da yake so ba ya tsayawa a ɗaya, yakan ja da baya ya ƙara. Bari ya buga na kusa da shi.

Da ma na ce masa ya bari. Na zauna a shagon ina jin kekunan ɗinki har ya gama.

Na biyun ya fi na farko rikicewa. A sama baƙin tarewa ne tsaitsaye a ƙofar gidana. Amma a ƙarƙashinsu, in ka saba da kallon, tsakar gidanmu ce ta Gamkalley gaba ɗaya. Ga Inna a ƴar kujerarta a ƙofar ɗaki, kanta a karkace kamar dai a wancan. In ka bi idonta, ba wajen wuta ya nufa ba. Ya nufi bakin pampo, inda wata mace ta duƙa a kan babbar roba tana wanke kayan ciki, ta ba ta baya.

Na san atamfar, mai zanen ganye. Sai dai a sallar nan ƙanena turmi biyu iri ɗaya ya saya, ɗaya nawa ɗaya na auta, kuma in mun juya baya ni da ita ba a bambanta mu. Na riƙe wannan da hannu biyu. Na ce wa tsohon ƙanwata ce, ƴar lelen Inna. Bai yi gardama ba, ya sa mini hotunan a ambulan.

Daga Wadata ban koma gida ba, na wuce Gamkalley. Auta ce ke zaune a gidan yanzu da iyalinta. Na same ta tana tsinke alayyafon da aka kawo daga garka. Na ajiye hoton a kan tabarma na ce, "Ga ki nan, ke da uwarki."

Ta goge hannu ta ɗauka. Ba ta daɗe ba ta ajiye.

Ta ce, "Yaya, yaushe kika taɓa ganin na wanke kayan ciki? Ko warinsu na ji sai na yi amai. Kowace shekara ke ce ke yi, kina yi kina masifa."

Na ce ƙila ranar ta taimaka.

Ta ce, "Ke ce. Kuma ba ranar kaɗai ba. Duk gidan nan mun sani, ke ɗaya ce ba ki sani ba, don sai kin juya baya take yi. In kin fita tana bin ki da ido har ki sha kwanar zaure. In kin juyo sai ta hau gyara itace."

Na taso mata da faɗa, don shi na iya. Na ce me ya sa ba wanda ya taɓa faɗa mini?

Ta ce, "An faɗa miki. Gwaggo ta faɗa, marigayi ya faɗa. Wa kike saurare?"

 Wata akuya ta zo tana jan alayyafon, ba wadda ta kore ta a cikinmu. Sai na yi tambayar da na yi shekara ashirin ina kauce mata. Na ce, "Kwana taran nan. Ta tambaye ni?"

Auta ta ce in bar maganar, abin ya wuce. Na ce ba zan tashi ba sai ta faɗa. Ta share ido da gefen mayafi.

Ta ce, "Kin san ba za ta iya tambayarki ba. Washegarin ranar da kika tafi, ta ce in juya mata shimfiɗa, wai bango yana mata zafi. Na juya ta tana fuskantar ƙofa. In la'asar ta yi, lokacin da kike zuwa, sai ta yi shiru ta daina hira. Duk wanda ya ɗaga labule sai ta duba. A rana ta uku ta ce mini, 'Auta, wai gadar nan lahiya take?' Na ce lafiya lau, Inna. Ta ce to. Kullum sai ta tambaya. Har marigayi ta tambaya, ta ce shi da ke yawo a gari, ko ya ji an ce gada ta karye."

Na ce, "Shi ya sa ya zo sau biyu."

Ta ce, "Shi ya sa. Ya ce in ya faɗa miki zancen gada za ki ce wasa ake da hankalinki, ke suna kika ce a kawo miki. Bayan ta rasu muka yi shawara kada ki ji. Mun ga kin samu abin da kika riƙe, muka bar ki da shi."

A nan na yi kukan da ban yi ba ranar da aka fita da ita. Na yi shi a tsakar gidan, kusa da pampon, ina tsohuwa mai jikoki, har maƙwabta suka leƙo suna tambayar wa ya rasu. Na so a ce ba ta so na. Da haka ne, da ni aka zalunta, kuma na iya zama da wannan. Auta ta riƙe ni tana kiran sunana, tana sake kira.

Da la'asar na shiga taksi zuwa gida. Yanzu gadojin sun ƙaru, direba ya tambaye ni ta wacce za mu bi, na ce tsohuwar. Kogi ya janye, masu wanki sun shanya kaya a kan yashi, ga shanu ana kora su gefe. Kafin in gama gyara zaman jakata a cinya har mun ƙetare. Iyakar tafiyar ke nan.

Har yau in wani ya ga hoton ya ce Inna ce ta zo ganin gidana, ba na gardama kamar da. Na san yadda aka yi, tsohon ya nuna mini layin da idona. Ba ta taɓa taka gidan nan ba, kuma ranar da take wannan kallon, bayana ta gani. Ƙanena ne da mantuwarsa ya juyo ni ya zaunar da ni a ƙarƙashin idonta.

Gwaggo ta rasu bana, tsohon mai hoto kuma an ce ya rufe shago ya koma wajen ƴaƴansa. Ni ma na ajiye aiki, yini nake a gida. Wani lokaci in na idar da sallar la'asar nakan jawo aljihun tebur in fito da shi. Ba na daɗewa, kuma ba na kuka kullum. Nakan dai ba ta amsar da ba wanda ya ba ta a kwanakin nan.

Nakan ce, "Inna, gada lafiya lau take. Ni ce ban zo ba."